Rasit ɗin Alhaji Labbo

Shekara talatin da biyar ina yi wa shanu allura,
daga Gwadabawa har Tangaza, bisa babur mai tari.
Ran da kuɗin sallama suka faɗo asusu
na ce ƙaurina ya gaji da ƙunar salansa,
na nufi bakin hanyar Gusau, inda motoci ke shan rana.

Alhaji Labbo ya tarbe ni da ruwan sanyi.
Na nuna wata toka-toka 'yar Kwatano,
muka ja, muka sassauta, muka tafa.
Sai ya jawo rasit, alƙalami ya ci gaba da tafiya
bayan ciniki ya riga ya zauna.

Na ce, "Wanga layi fa?"
"Na'urar bin sawu ce, Malam, tuni mun dasa ta.
Ko Agadas anka kai ta, wayarka za ta tsegunta ma."
"Na ƙasa?" "Jiniya." "Na ƙasansa?"
"Lambar da munka zana jikin gilashi,
ɓarawo na ganin ta gabanai zai faɗi."
Dubu ɗari da tamanin, a kan abin da muka tafa.
Na ce a cire. Ya yi dariya har hula ta karkace:
"Wa ka cire gishiri bayan miya ta dahu?
Ai 'yan inshora za su rage ma,
shekara biyu kuɗinka sun dawo gida."

Kashegari na hau bene, ofis mai fanka ɗaya.
Malama Inno ta juya rasit, ta gyara tabarau.
"Baba, wannan na'ura ba ta cikin jerinmu.
Zanen gilashi kuwa ado ne.
Jiniya dai, bari in duba."
Ta danna, ta danna, ta rubuta a bayan ambulan:
ragin naira dubu biyu a shekara.
Na yi lissafi a matakala ina saukowa,
shekara casa'in kafin in fanshe.
Jikan jikana ne zai ga riba.

Ga mu nan a Mabera, ni da toka-toka.
Akuyar Hajo ta sosa ƙeya a taya, jiniya.
Yaro ya bugo ƙwallo, jiniya.
Ladan bai gama gyaran murya ba, ta riga shi.
Makon farko unguwa ta fito da taɓarya da tocila,
mako na uku sai tsaki ta bayan katanga.
Wayar kuma ta rantse motata tana Wamakko
alhali ina zaune a inuwarta ina ɓarar gyaɗa.
Wata shida, saƙo ya shigo: a sabunta rajista,
in ba haka ba ido zai rufe.
Ashe idon ma haya aka ba ni.

Daren Talata ta yi kuka har sau uku.
Na juya, na ja zane, na ce akuya ce.
Can kukan ya yanke da kansa, na gode Allah.
Da safe babu madubi biyu, babu batir,
an bar mini gilashi da lambarsa tsaf.
Na koma bene. Inno ta sassauta murya:
"Takardarka ta mota ce ɗungurungum, Baba.
Da duka suka ɗauke, da mun yi magana."

Yanzu Tsoho Nomau ke kwana a ƙofar gida,
dubu biyar a wata da kwanon tuwo,
tarinsa kaɗai ya ishi mai sanɗar dare.

Jiya na bi ta gaban Alhaji Labbo.
Wani malamin makaranta na zaune riƙe da ruwan sanyi,
alƙalami na sauka, layi bayan layi.
Na rage gudu, na danna hon sau biyu.
Malamin ya ɗago hannu yana murmushi,
ya zaci gaisuwa ce.