Tsibirin Iya

Barira ce ta fara,
da kalandar shagon mai magani:
rairayi fari tas kamar garin rogo,
itatuwan kwakwa sun sunkuya suna gaida teku.
"Baba, hutu ya zo. Nan za mu."
Na laluba aljihu, yatsana ya taɓo ƙasansa.
Na ce mu ma muna da tsibiri,
a Lagdo, inda Binuwai ta tsaya hutawa.

Asubar Lahadi muka bar Garwa,
mu shida, har da Iya,
wadda ta ce ita ba yawo ya fito da ita ba,
riƙon auta ne kawai.
Hansatu ta ɗaure kwanon dambu a tsohon zani.
Sabi'u ya ƙirga shanun hanya har ɗari da bakwai,
barci ya karɓi sauran ƙirgawa.

Abakaka mai jirgi ya ce jaka goma.
Na ce biyar.
Ya dubi sama, ya dubi yaran, ya ce bakwai,
har da rigunan ceto.
Ta auta ta sauko masa har gwiwa.

A tsakiya ya kashe inji, ya ɗora yatsa a leɓe.
Kunne biyu, hanci ɗaya,
sai wata hamma mai faɗin ƙofar zaure.
Dorina!
Auta ya ɓuya a mayafin uwarsa, ido ɗaya a waje.
Can wani masunci ya watsa birgi,
ya buɗe a iska kamar faifai
kafin ya kwanta a ruwa.

Tsibirin duwatsu ne, wani bisa wani.
Rema sun baje suna shan hantsi,
ko kallo ba mu ishe su ba.
Sabi'u ya zagaya bayan ɗaya neman wutsiya,
ya dawo da ƙaya a tafin ƙafa.
"Ina kwakwar?" in ji Barira.
Wata mai suyar karfasa ta miƙo mata goruba,
ta karɓa tana harara, ta gwaguye ta tas.
Abakaka ya ja layi da sanda a bakin gaɓa:
daga nan zuwa nan, ban da wucewa.
Suka yi ta facal-facal
har leɓɓansu suka fara rawa.

Sai muka nemi Iya muka rasa.

A can ƙololuwa na same ta,
takalmanta a gefe,
hannunta cikin wani rami mai santsi a jikin dutse.
Ta ce, "Nan muke niƙan tsaba, in mun hau da awaki.
Wa ya ce maka tsibiri ne?
Tudun bayan garinmu ne."
Ta nuna ruwa da haɓa:
"Ga tsamiyar kasuwa. Ga rijiya.
Daidai inda zalɓen can ke shawagi
aka binne cibiyarka."
Na duba. Ruwa ne, sai ƙyallin rana.
Shekara arba'in da ɗoriya tana gidana da na ubana,
ban taɓa tambayar ta ina ne da ba,
ita kuma ba ta ga dalilin cewa.

Ashe Barira na bayana, tana ɗiga.
"Iya, to yanzu wa ke kwana ɗakinki?"
Iya ta yi dariya har ta share ido da gefen zani.
"Giwan ruwa, mana. Ya samu gado a banza,
ko sisin haya ba ya bayarwa."

Da dare na ga kalandar a kife kan tabarma.
A bayanta, da alƙalamin Sabi'u:
tudu, rema uku, tsohuwa ba takalmi,
ƙarƙashin wani layi mai lanƙwasa
ɗakuna biyar da tsamiya,
da kifi ya leƙo ta taga
yana kallon masu wucewa.