Saƙon Ƙarfe Bakwai

Shekara talatin da ɗaya ina jan motar rake
daga gonakin Flacq zuwa bakin inji.
Sukari ya gina mini ɗaki biyu da baranda,
ya biya wa 'yata makaranta har Port Louis.
Da ya gama biyana sai ya shigo jinina,
ya zauna, ya ce saura nasa ladan.

Kamlawtee ce mai riƙon littafi.
Ita ke huda mini yatsa da asuba,
ta rubuta lamba, in ta hau ta harare ni,
ta ɓoye gwangwanin madara bayan buhun shinkafa
sai ka ce ban san gidan ba.
Ranar da hayaƙinta ya tashi a bayan gari
na dawo na tarar da littafin a buɗe,
biro kwance a tsakiya.
Na rufe shi. Wata bakwai.

A bangon asibiti akwai hoton wata ƙafa,
baƙa ƙirin, yatsu uku sun tafi,
a ƙasa an yi gargaɗi da jan rubutu.
Na kalla, na fito, na sayi alawa biyu.
Wa ke tsorata jiƙaƙƙe da yayyafi?
Waya kuwa kullum sai ta yi ƙara:
sha magani, auna jini, rage shinkafa.
Na bar su suna taruwa kamar takardun kuɗin wuta.

Sai wata Talata, ƙarfe bakwai:
"Deoraj, Solange ce, ta ɗaki na huɗu.
Yau ba na son lamba.
Da wa ka ci abinci jiya?"

Na riƙe wayar har fitilarta ta mutu.
A tsaye na ci, a bakin tukunya,
cokali ɗaya, ban ma kunna wuta ba.
Na rubuta: "Ni da rediyo."
Ta ce: "Ka gaishe shi. Gobe zan sake tambaya."

Ta kuwa tambaya.
Wata rana ta ce, gajiya da wannan ciwo
ba abin kunya ba ce,
aiki ne da ba shi da Lahadi.
Na ji haushi, ban san dalili ba,
na ce ta ƙyale ni, ni ba yaro ba ne.
"To," in ji ta. "Ina nan ranar Alhamis."
Laraba ta yi mini tsawo.

A mako na biyar na ba ta labarin littafin.
Ba ta ce in auna komai ba,
cewa ta yi tana son ganin rubutun matar.
Don haka na buɗe, don in kai mata.
Ashe ba lambobi kaɗai ke ciki ba.
A gefen shafi, da ƙananan baƙaƙe:
"Ya saci ayaba, ya yi musu."
"Ƙafarsa ta hagu, a duba."
"Yau ya yi dariya."

Na zauna a ƙasa, a kan siminti.
Sau uku na hudi yatsa kafin jini ya fito,
hannu na rawa kamar sitiyari a kan gargada.
Sha huɗu da ɗigo biyu.
Mummunar lamba. Na rubuta ta
a ƙarƙashin nata rubutun, a karkace.

Ban zama waliyyi ba.
Da Diwali na ci zaƙi har sau uku,
na faɗa wa Solange, ta ce wane iri.
Amma da yamma ina takawa har shagon Ah-Fat,
mu buga domino, ya cuce ni, in dawo.
Da dare in ɗauko madubin Kamlawtee,
wanda take sa jan ɗigo a goshi da shi,
in duba tafin ƙafata, dama, sannan hagu.

Ɗazu wayar ta yi ƙara, ina wanke kwano biyu.
Na goge hannu a wando na rubuta:
"Da jikata Yashna. Ta ƙona waken.
Mun cinye."