Ɗari da Sha Takwas

Ƙarfe ukun dare a Bagalam
wuta ta tuna da mu.
Fanka ta yi tari, ta tashi.
Na kunna kwamfuta a bayan shagon Baba,
cikin warin dalma
da rediyoyin da masu su suka manta.

Na jera bugu huɗu-huɗu,
dum, dum, dum, dum,
ɗari da ashirin da takwas a minti,
zuciyar ɗan kabu-kabu da ya hango jandarma.
Tsakani na saka tafin Barira da Sahura,
ƙannena, da na biya da ƙuli-ƙuli.

Sai kaset ɗin.
A kwalin matattun batura na tsince shi,
an rubuta da jan biro: Sallar tamanin da bakwai.
Zaren ya tsinke, na liƙe da jan farce,
na juya da fensir kamar mai burga miya.
Fiyano ne mai mura,
da shuuu na tsufa,
da dariyar wata mata can baya.
Manhaja ta ce, in goge ƙarar?
Na ce bar ta, furfura ba datti ba ce.

Na yanko daƙiƙa biyu, na maimaita,
na maimaita har dariyar ta koma kiɗa.
Bas ya shigo ta ƙasa
kamar gulbi a tsakiyar damina,
ba sallama.

Ban ji buɗe ƙofa ba.
Malam Ma'azu ne, buta a hannu,
mutumin da bai taɓa kiran aikina aiki ba.
Na kai hannu zan kashe,
ya ce, bari.
Kunya ta sunkuyar da ni,
a nan na ga babban yatsansa cikin silifa
yana tashi, yana sauka,
yana makara kaɗan.

"Wa ya koro ka?
Rage. Ƙara ragewa.
Uwarka ba ta rawa da gaggawa."

Ashirin da huɗu. Ashirin.
A ɗari da sha takwas
yatsan ya haɗu da dum, suka gaisa.
Ya ajiye butar.
Bai sake magana ba
sai da ladanin Mokoyo ya gyara murya.
Ya ce, "Gidan Sajan Illa ne.
Shuɗi ta sa ran nan."
Ya fita alwala, ya bar butar.

Gobe samarin Ɗan Gulbi za su yi tsalle a kai,
su ce sabon yayi ne.
Ni dai kwamfuta na jiran suna,
na rubuta Shuɗi,
na goge, na sake rubutawa.