Bututai Tara a Bakin Kwara

Babana Nomau mai walda
ya sayi matattun bututan burtsatse a Yelwa,
kilo-kilo, da tsatsarsu,
ya ce zai rataye su a bakin Kwara
iska ta riƙa yi musu tambaya.

Ni ce kunnensa.
Shekara talatin na kukan injin gurza
sun cinye na hagu, na dama saura ƙiris.
Sai ya ƙwanƙwasa ya dube ni:
"Gwamma, ya hau ko ya sauka?"

Dogon yana nishi kamar sa a rijiya,
gajeren kuwa bakin tsiwa.
A rage faɗin yatsa, murya ta hau.
Abin da zarto ya ci ba ya amayarwa,
don haka ƙwarya-ƙwarya muke bi.

Hujin rataya ne ya wahalshe mu.
Mun huda a ka, sauti ya shaƙe.
Mun huda a ciki, ya mutu bai fito ba.
Ran Laraba ya kama bututu da yatsa biyu,
yana bugu yana sauko da hannu
har inda ƙarfen ba ya rawa,
kashi biyu cikin tara daga sama.
A nan ko ka riƙe shi
ba ka hana shi magana.

Mabugin ƙarfe ya tashi jariran unguwa,
Inna Asshibi ta zo da ɗamara.
Muka sassaƙa na ƙirya,
muka naɗe shi da fatar akuya.
Bangon injin shinkafa yana maido kowace murya biyu,
sai muka ja gindin zuwa rairayi
tsakanin giginya da mashigar jirage,
muka ɗaura masa tsohon filafili ya tare iska.

Kwana uku ko ganye bai motsa ba.
Masu kifi suka sa masa suna Shanyar Nomau.

Na huɗu, bayan la'asar, hadari ya taso daga gabas.
Dogon ya fara, can ƙasa.
Sauran suka bi, ba a jere ba,
wani na shiga tun wani bai gama ba.
Wani basarke ya ɗaga filafilinsa daga ruwa
ya bar jirgi yana tafiya da kansa.

Baba bai dube ni ba.
Goshi ya jingina da ginshiƙin,
ido rufe, ƙarfen na ratsa ƙashinsa.
Da ya ɗago sai ya ce,
"Na bakwai ya yi tsawo."

Na sake kasa kunne.
Gaskiyarsa.