Mariƙi Na Uku

Ƙarfe tara na dare a Ƙofar Ƙaura,
janareta na tari, ni kaɗai da na'urar ofis.
Na goge fayil mai giga arba'in,
na duba: faifai na nan cike dam,
kamar randar da aka ɗiba ta ƙi raguwa.

Oga Tanimu ya taɓa ce mini, yana ɓare gyaɗa:
"Yaro, suna ba shi ne kaya ba.
Suna rubutu ne a bakin zaure.
Mai gidan na ciki da lambarsa, ainod.
Can aka rubuta girmansa, da mai shi,
da ranar da aka taɓa shi ta ƙarshe,
da lungunan faifai inda aka warwatsa jikinsa.
Sunansa ne kawai babu a wurin.
Ka ba shi suna uku, ƙirga za ta ce uku.
Ka goge duka, ta ce sifili.
Amma muddin wani na riƙe da shi a buɗe,
ba ya tafiya."

Kowace manhaja da mariƙai take tashi:
sifili na saurare,
ɗaya na magana,
biyu na kai ƙara.
Na bi su ina ƙirgawa, sai ga ta,
wata tsohuwa da ke gudana tun watan azumi,
mariƙinta na uku damƙe da abin da ba shi da suna,
tana ta zuba masa layi bayan layi.
Ba wanda ya gaya mata.

Yayana ma suna uku gare shi:
Sada a takarda,
Ɗanjummai a bakin layi,
Mai-sunan-malam a bakin Inna.
Banki ya rufe asusunsa.
Layin wayarsa yanzu wata mai sayar da atamfa ke ɗauka.
Shekara biyu ke nan,
in Inna ta kwashe tuwo
malmala ɗaya ke yin rara.

Gobe da safe mutane za su yi layi,
ana bukatar wuri.
Na daɗe da yatsa a kan maɓalli,
sannan na tsai da ita.
Giga arba'in suka dawo, ba ko sallama.

A gida na tarar da kwano a rufe,
nawa, da na kusa da shi.
Na wanke hannu, na cinye nawa.
Ɗayan ban taɓa murfinsa ba.