Samfuri Mai Lamba Ɗari Huɗu Da Sha Bakwai

Ba a rubuta suna a jikin samfuri.
Doka ce: lamba kawai, da kwanan wata,
don kada ido ya ga dangi, hannu ya yi rawa.
Amma ɗaurin bakin ledar nan na san shi,
ƙulli biyu, na biyun ya karkata hagu.
Mutum ɗaya ne a duk Cabricán yake ɗauri haka,
tun ranar da dutse ya cinye masa babban yatsa.

Baba Rutilio.
Kwana uku yake gadin tanderu ba barci,
har dutse ya gaji da taurin kai, ya yi fari,
ya sha ruwa, ya yi tsaki, ya zube gari.
Da garin nan Inna take dafa masara,
ƙwaya ta tuɓe rigarta a tukunya,
ƙullu ya kama jikinsa, waina ta tashi.
Da shi aka gina ƙashin bayana.
Da kuɗinsa aka kawo ni Xela
na koyi sa farar riga da rufe baki.

Na kunna sikeli. Ya tsaya a sifili,
shi ba ɗan kowa ba ne.
Rabin giram na ɗiba, na narkar,
ina sakin ɗigo, ɗigo, ina kaɗa kwalba,
ruwan ja ya yi jinkiri kamar mai tunani,
sannan ya koma shuɗi.
Kalsiyam ya cika mudu har ya yi tozo.
Na ce a raina: ai na sani.

Saura dalma.

Injin nan ba ya gaisuwa.
Iyakar abinci: kashi biyu cikin miliyan.
Ya rubuta bakwai.
Na wanke kwalabe, na sake. Bakwai.
Na ɗauko sabon asid, na ce ko laifinsa ne.
Bakwai da ɗigo ɗaya.

Sai na tuna daminar bara:
itace ya yi tsada, gandun daji an sa masa waya,
na ga tsofaffin ƙyamare a gindin tanderu,
masu koren fenti, daga rusasshiyar makaranta.
Na gani. Na ci waina. Ban ce komai ba.

Maribel ta leƙo: Odilia, ba ki tashi ba?
Na ce saura layi ɗaya.
Alƙalami bai kai giram goma ba, na taɓa auna shi,
amma ranar da hannu biyu na ɗaga.
Bai dace da abinci ba.
Na sa hannu da sunan da shi ya ba ni.

Asabar na hau mota, takarda a ƙirji.
Ya karanta a tsaye, yana motsa leɓe.
Buhu sittin a rumfa, jere kamar baƙi.
Ya ce: Wa ya auna?
Na ce: Ni.
Ya ce: Sau nawa?
Na ce: Uku.
Ya ninke takardar. To, an auna ke nan.

Akwai shafi na biyu, Baba, juya.
Ma'aunin gona daban yake da na tukunya.
Ƙasar Doña Chabela ta yi tsami,
na gwada ta, biyar ba ta cika ba,
wake yana fitowa rawaya kamar mai shawara.
Abin da baki ya ƙi, kunya za ta karɓa,
a rabin kuɗi.

Bai amsa ba. Ya tafi bayan tanderu,
na ji yana jan ƙyamaren nan ɗaya ɗaya,
yana jifa da su can cikin kwari.
Inna ta miƙo mini waina mai zafi.
Na riƙe ta. Tana kallona.
Ta ce: Ta kasuwa ce farar ƙasar, ci.
Tun Laraba ya hana ni taɓa tasa.