Ƙarfe Mai Lamba Bakwai

Shekara arba'in da ɗaya ina saɓa jakar 'yan golf
a wannan gaɓa ta Moray,
inda iska ke tasowa daga teku da gishiri a baki
ta sauya wa ƙwallo niyya a sararin sama.
Murdo Geddes sunana.
Kafaɗata ta hagu ta fi ta dama rusunawa. Tambayi jaka.

Tun Ailsa Rennie na 'yar sha huɗu nake riƙe mata sanduna.
Ta yarda, ni ma na yarda,
ciwonta a bakin rami yake:
ɗan turin nan na taku uku
da ke lasar gefe ya wuce abinsa.
Sai ta raba dare tana gara ƙwallo bisa kafet
zuwa cikin kofin shayi,
har maƙwabcin ƙasa ya gaji, ya daki silin da sanda.

Bana wani yaro ya zo daga Aberdeen,
Euan Strachan, kwamfuta a hammata,
takalminsa bai taɓa gaisawa da laka ba.
Wata huɗu yana bin sawunmu yana rubutu:
daga ina, yadi nawa,
ciyawa ce ko yashi, ina ta faɗa, saura nawa.
Bugu dubu biyu da ɗari shida.
Na ce a raina, ga mai ɗiban ruwa da rariya.

Ran Talata, a ɗakin shayi, ya juyo mana da allon.
Ya ce, a bakin rami ba wanda ke bin ki bashi.
Ɓarakar tana can baya,
tsakanin yadi ɗari da hamsin da ɗari da saba'in.
Nan kike zubar da bugu ɗaya da rabi a kowane zagaye.
Ya nuna ɗige-ɗige kamar an watsa sha'ir a tire:
goma cikin sha uku sun gaza,
sun kwanta tun ba su kai tuta ba.

Sai ya ce, wa ke zaɓar sandar?

Shayi ya huce a hannuna.

Ni ne.
Ni ke miƙa mata ƙarfe mai lamba bakwai.
Don wata yamma, shekara shida baya,
a rami na sha biyu ta ɗaga shi,
ƙwallo ta tashi kamar an kira ta da sunan yanka,
ta sauka taku ɗaya daga tuta.
Bugu guda ne, na mai da shi mudu,
da shi nake auna ta har yau.
Ɗarin da suka mutu a yashi kuwa
ni na share kabarinsu da manjagara, na manta.
Ido na da 'yan lele.
Lissafi, ba sani ba sabo.

Asabar, ana yayyafi, mun sake tsayawa a na sha biyu.
Yadi ɗari da sittin da biyu.
Hannuna ya nufi bakwai da kansa
kamar tsohon kare da ƙofar gida.
Na janye shi. Na zaro shida.

Ta dube ni. Murdo, ka tabbata?
Na ce, yaron ya tabbata.
Duk da haka na tsinki ciyawa na jefa sama,
don ita iska ba ta karanta allon kowa.

Ta buga.
Ƙwallo ta wuce tuta da taku takwas, ta tsaya kan lafiyayyen kore.
Ba kyau, ba tafi, ba labarin kai wa mashaya.
Turi biyu, ta faɗa rami.
Euan ya sunkuya ya ƙara ɗigo ɗaya.

A hanyar rami na sha uku
na fito da bakwai ɗin na goge shi da tawul,
ko da yake bai taɓa ƙasa ba.